Kwamfutata ta ƙi tashi: diskin ne ya mutu ko direba ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu, kuma da wata tsohuwar kwamfutar tebur nake aiki, 'yar Beljiyam mai Windows 7. Na rufe shago na yi tafiya ta kusan wata guda. Da na dawo na kunna ta, sai ta tsaya tana neman in danna F1, kwanan watanta kuma ya koma baya da shekaru. Na danna, tambarin Windows ya fito, sai wani shuɗin allo ya gilma ta koma farko, haka take ta yi. Wani mai gyara ya ce had diski ya mutu, wani ya ce direba ne ya lalace sai an yi fomatin. Furojet ɗin ɗalibai da takardun kwastomomi duk suna ciki. Dama tun kafin tafiyar takan yi nauyi. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Da farko dai kada ka yarda kowa ya yi mata fomatin, kuma ka daina kunna ta kana kashewa da fatan za ta shiga da kanta. Abin da ka bayyana bai yi kama da mutuwar diski ba. Diskin da ya mutu murus ba zai nuna maka tambarin Windows ba, domin daga cikinsa ake karanto tambarin. Zatona ya fi ƙarfi a kan wani ɗan batir.

A kan madabod, wato babban allon cikin kwamfuta da komai ke jone a kai, akwai batir zagayayye mai lamba CR2032, ƙarfinsa bolt 3. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS, wato manhajar madabod da ke fara tashi kafin Windows, idan babu wuta. Muddin kwamfutar tebur tana jone da soket mai wuta, ko a kashe take, fawa-fak, akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfuta, shi ne ke ciyar da agogon, batirin yana hutawa. A ƙasashen da aka fara aiki da irin waɗannan kwamfutoci wuta ba ta cika yankewa ba, shi ya sa batirin ke shekara da shekaru. A wajenmu kuwa sai ta wuni ta kwana babu wuta a soket, ga shi ta iso hannunmu da batirin da ya riga ya sha jiki. Wata guda a rufe ya isa ya ƙarasa shi. Da ya mutu sai BIOS ya manta duk abin da aka saita masa, ya koma yadda ya fito daga kamfani. Kwanan wata ya koma baya, ya nemi F1, kuma a cikin abubuwan da suka koma akwai yanayin da madabod ke magana da diski.

Nan ne maganar direba ta shigo, don haka mai gyaran na biyu ya kusa gaskiya, maganinsa ne ba daidai ba. Diskin SATA, mai siririyar wayar nan da ta fara yaɗuwa daga 2003, madabod na iya tafiyar da shi ta hanya biyu ko uku: tsohon yanayi da ake kira IDE, sabon yanayi AHCI, wani lokaci har da RAID, na haɗa diskoki su yi aiki tare. Kowane yanayi da direbansa, wato ƙaramar manhajar da Windows ke amfani da ita wajen magana da wannan ɓangare. Ranar da aka zuba Windows 7, yakan duba yanayin da ya tarar ya kunna direban wannan kaɗai don tashi, ya kashe sauran. Idan aka wayi gari BIOS ya sauya yanayi, Windows zai fara tashi, ya zo inda zai karɓi ragamar diski da kansa, ya tarar direban da yake hannunsa ba na wannan yanayin ba ne. Sai ya faɗi da lambar 0x0000007B. Babu fayil ko ɗaya da ya taɓu.

Ga yadda za ka tabbatar. Ka kunna ta ka riƙa danna F8 kafin tambarin ya fito, ka zaɓi Disable automatic restart on system failure. Wannan zai sa shuɗin allon ya tsaya ka karanta lambar. In ka ga 7B a ƙarshenta, kashe ta, zare wayar wuta, sa sabon batir, ɓangaren da ke da rubutu yana kallon sama. Shiga BIOS da F2 ko F10 ko Del, gwargwadon kamfanin. Gyara kwanan wata, sannan ka nemi wurin da aka rubuta SATA Mode ko SATA Operation ko SATA Emulation. In yana kan AHCI mayar da shi IDE, wanda wasu ke rubutawa ATA ko Compatibility ko Legacy. In kuma yana kan IDE mayar da shi AHCI. Adana ka fita. Gwada ɗaya bayan ɗaya ba ya ɓata komai, in dai ba ka shiga allon ƙirƙirar RAID ka yi wani abu a can ba. A irin labarinka yawanci nan maganar take ƙarewa.

Sai dai ka ce dama takan yi nauyi, wannan kuma ba aikin batir ba ne. Don haka ko ta tashi, aikinka na farko shi ne kwashe takardun mutane zuwa filash ko wani diski, mafi muhimmanci da farko, kafin ka buɗe komai. Zan dawo kan nauyin.

In ba ta tashi ba, tambayar da ke raba gardama ita ce: BIOS yana ganin diskin ko ba ya gani? A shafinsa na farko ko ƙarƙashin Storage za ka ga sunan diskin da girmansa. BIOS ba ya aiki da direban Windows. Saboda haka duk diskin da BIOS bai gani ba, babu direban da za a sauko da shi ya gyara, babu fomatin da zai taimaka. Na sha mamakin yadda ake ɓata yini ana neman direba a intanet alhali waya ce ta saki.

Idan bai gani ba, buɗe murfin kwamfutar ka ɗora yatsa a kan diskin sannan ka kunna. Diskin tebur yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, za ka ji ɗan kaɗawa. In shiru ne, wuta ba ta isa gare shi ko allon da ke ƙarƙashinsa ya ƙone. Canza masa wani bakin wayar wuta. In kana da mita, jar waya bolt 5 ce, rawaya bolt 12, kuma ƙa'ida ta yarda da bambancin kashi 5 cikin 100 kawai. Rawaya ta sauka ƙasa da 11.4, fawa-fak ya gaji. Gajiyayyen fawa-fak yana kwaikwayon kusan kowace cuta ta diski: yau ya gani, gobe bai gani ba, jibi ya ɗauke a tsakiyar aiki. Janareta da wutar da ke hawa tana sauka su ne ke kashe shi da wuri. Ka kuma duba kafasitocin madabod, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye kusa da furosesa. Kansu ya kamata ya zama shafaffe. Kwamfutocin farkon shekarun 2000 sun yi ƙaurin suna wajen kumburin kafasita, wasu har sukan yi tsatsar ruwan ƙasa a ka. Wanda ya iya soldarin yana canza su.

In yana juyawa amma BIOS bai gan shi ba, canza wayar SATA, canza kuma ramin da take shiga a madabod. Wayoyin farko ba su da maƙalli, ɗan jijjiga a kan babur ko a bayan Keke Napep ya isa ya sassauta su. Wasu kwamfutocin ofis suna da wurin kunna da kashe kowane ramin SATA a BIOS, kuma mutuwar batir na iya barin wanda diskinka ke kai a kashe. Duba wannan ma.

Ga mai kwamfutar da ta girmi taka, mai faffaɗar wayar IDE mai fil 40, akwai ƙarin abin lura. Waya ɗaya tana ɗaukar na'ura biyu, dole ɗaya ya zama Master ɗaya Slave, ko duka biyun su kasance a kan Cable Select. Da wata 'yar hular roba a bayan diskin ake zaɓa, zanen yana jikin takardar da ke manne da shi. Biyu suka zama Master, sai ka rasa ɗaya ko duka. A waya mai zare 80, shuɗin baki na madabod ne, baƙi na Master, ruwan toka na Slave. Idan BIOS ya nuna sunan diskin da haruffa a hargitse, fil ne ya lanƙwashe ko wayar ta karye daga ciki. Kuma tsofaffin injuna suna da iyakar girman da suke ganewa: na tsakiyar shekarun 1990 sukan tsaya a gigabait 8.4, wasu na ƙarshen shekarun a wajen 32, sai shahararriyar iyakar 137. Windows XP bai iya wuce 137 ba sai da Service Pack 1, kuma tilasta wa tsohon tsari babban diski na iya lalata fayiloli idan rubutu ya haura iyakar. Tsarin fatishan (rabon diski kashi-kashi) na MBR shi ma ya tsaya a terabait 2. Akwai kuma madabod masu cif ɗin VIA VT8237 da ba sa ganin diskin SATA II, wato sabon samfuri mai ninkin gudu, sai an rage masa gudu da hular robar. Wannan duk ya shafi wanda ya sa sabon diski ne, kai naka dama yana aiki a ciki.

Abin da nake so ka kasa kunne a kai shi ne ƙara. Diski mai lafiya yakan tashi da ɗan kuka ya daidaita. In ka ji ƙas, ƙas, ƙas a jere, ko ya tashi ya tsaya ya sake tashi, ko wani siririn kuka ba tare da juyawa ba, zare wuta nan take. Allurar karatu ce ta samu matsala, kuma kowace kunnawa tana iya sa ta karce fuskar faifan da takardunka ke kai. Kada a bubbuga shi, kada a sa shi a firji kamar yadda wasu ke ba da shawara, domin raɓa za ta taru a ciki. Kada kuma a kwance shi a kan teburin shago. Tazarar da ke tsakanin allura da faifai ba ta kai kaurin ƙwayar ƙura ba ko kusa, balle a lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Irin wannan aikin masu ɗaki na musamman ne, kuma da tsada. Wanda ya ce zai buɗe maka shi a kasuwa ya gyara, ka karɓi kayanka ka yi masa godiya.

To, idan BIOS yana gani, ba ya ƙara, amma sauya yanayi bai tayar da Windows ba fa? Lambar shuɗin allon za ta yi maka jagora. 0x000000ED na nufin Windows ya ga diskin amma ya kasa buɗe fatishan ɗinsa, galibi saboda wuta ta ɗauke ana cikin rubutu ko wani wuri ya lalace. 0x0000007A na yawan nuna cewa an nemi karatu daga diski bai amsa ba, wato diski ko waya. Baƙin allo mai BOOTMGR is missing, ko NTLDR is missing a XP, sau da yawa filash ne aka manta a jiki ko jerin tashi ya rikice bayan mutuwar batir. In ba haka ba ne, faifan Windows 7 yana da Startup Repair, da kuma umarnin bootrec /fixmbr, /fixboot da /rebuildbcd. Amma ni ba na taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan sai na san lafiyar diskin.

Hanyar sani ita ce a cire shi a jona a wata kwamfuta mai lafiya a matsayin diski na biyu, a buɗe CrystalDiskInfo, manhaja ce ta kyauta. Kowane diski yana riƙe da tarihin lafiyarsa a tsarin da ake kira SMART. Layuka huɗu ne suka fi damuna. Lamba 05 tana ƙirga wuraren da suka lalace aka musanya su da na ajiya. C5 wuraren da ya kasa karantawa yanzu haka yana jiran hukunci a kansu. C6 waɗanda suka gagara gyara. Ɗayan waɗannan ukun ya tashi daga sifili, musamman in yana ƙaruwa, diskin ya kama hanya. C7 kuwa daban take: kurakuran da suka faru a kan hanya ne tsakanin diski da madabod, wato laifin waya. An jefar da diskoki masu lafiya da yawa saboda rashin bambance C7 da sauran. Kuma kada shuɗin Good da manhajar ke nunawa ya sa ka saki jiki. Binciken da injiniyoyin Google suka fitar a 2007 kan diskoki sama da 100,000 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alama a SMART ba. In ya yi gargaɗi ka yarda da shi, in bai yi ba ba shaida ce ba.

Idan alƙaluman sun nuna ciwo, ga kuskuren da ya fi yawa: gudanar da chkdsk /r. Wannan umarni yana tilasta wa diski karanta kowane lungu, na sa'o'i, yana nacewa a wuraren da suka lalace, yana kuma sauya tsarin fayiloli yayin da yake yi. Kamar ka sa majinyaci ya yi noman kadada don a gane ko yana da sauran ƙarfi. Ga diski mai lafiya da wuta ta ɗauke masa, chkdsk magani ne. Ga mai ciwo, sau da yawa shi ke ƙarasa shi. Abin yi shi ne kwashewa. In fayiloli suna buɗuwa, kwafi manyan buƙatu da hannu, ƙananan takardu kafin bidiyo da hotuna. In yana maƙalewa, a tashi kwamfutar da filash mai Linux a yi amfani da ddrescue, wanda ke kwafe wurare masu sauƙi da farko, ya tsallake masu wuya, sannan ya dawo musu a ƙarshe. Daga kwafin ake aikin ceto, ba daga ainihin diskin ba. Idan Windows ya nuna fatishan ɗin a matsayin RAW ya ce You need to format the disk, danna Cancel. Teburin da ke nuna inda fayiloli suke ne ya taɓu, su suna nan. TestDisk yakan dawo da fatishan, ɗan'uwansa PhotoRec yakan tsinto fayiloli ko da ba tare da sunayensu ba. Duk abin da aka ceto a ajiye shi a wani diski daban.

Yanzu nauyin da ka ambata. Zai iya zama C5 ɗin nan, domin duk lokacin da diski ya ci karo da wuri mai wuya sai komai ya daskare na daƙiƙoƙi, fitilar diski tana kunne ba ƙiftawa. Event Viewer, ƙarƙashin System, zai nuna maka: lamba 7 daga disk wurin da ya lalace ne, lamba 11 kuma ta fi karkata ga waya ko madabod. Akwai kuma wani abu da ke kama injunan da ke yanayin IDE, musamman masu XP. Idan Windows ya tara kurakurai shida wajen magana da diski, sai ya rage gudu, in abin ya ci gaba har ya sauka zuwa PIO, inda furosesa ne ke dakon kowane bayani da kansa. Gudun da ya kai megabait 100 a daƙiƙa sai ya koma ƙasa da 17, sauti ya riƙa sarƙewa, linzami ya riƙa tsalle. Kuma ba ya komawa da kansa ko an canza wayar. A Device Manager, ƙarƙashin IDE ATA/ATAPI controllers, ka buɗe tashar ka duba Advanced Settings. In PIO ne, cire tashar da Uninstall ka sake kunna kwamfutar, Windows zai dawo da ita da DMA, wato yanayi mai sauri. In ya sake faɗawa, asalin matsalar tana nan, waya ko diski. Zafi ma yana da hannu. Yawancin diskoki iyakarsu digiri 55 zuwa 60 ne, kuma a watan Afrilu, cikin shago mai rufin kwano, da fankar da ƙura ta toshe, ba wuya a kai can. A fitar da ita waje a hure ta da bulowa.

Matsalar direba ta gaskiya ba ta da yawa, kuma tana da lokutan da aka san ta da su. Ɗaya shi ne wanda nake zato ya same ka. Na biyu, a ciro diski daga wata kwamfuta a sa a wata a ce ya tashi, 7B ɗin dai za a gani. Na uku, wajen zuba XP a injin SATA: XP ya fito a 2001, bai san AHCI ba, sai ya ce bai ga diski ba sam. Hanyar da aka tanada ita ce danna F6 a ba shi direba ta fulofi, wanda yau samunsa aiki ne, don haka ko a cusa direban cikin faifan da nLite, ko a mayar da BIOS zuwa IDE a huta. Na huɗu, wajen zuba Windows 7 da filash ya ce direban CD/DVD ya ɓace. Wannan ba ruwan diski, filash ɗin ne aka sa a shuɗin ramin USB 3.0 da Windows 7 bai sani ba, a mayar da shi baƙin rami. Na biyar shi ne wanda muke jawo wa kanmu: manhajojin nan da ke sabunta direbobi gaba ɗaya da dannawa ɗaya. Ban yarda su taɓa direban diski ba. In hakan ta faru kwamfuta ta ƙi tashi, F8 sannan Last Known Good Configuration. In kuma da gaske ana neman direba, a duba Hardware Ids a Device Manager: VEN_8086 Intel ne, 1022 AMD, 10DE Nvidia, 1106 VIA. Da wannan lambar ake zuwa shafin kamfanin kwamfutar a ɗauko daidai nata.

Idan bincike ya nuna diskin ya gaji, shawarata SSD ce, wato sabon nau'in diski mai ajiya a cif, ko ƙarama. Kusan duk injin da ke da ramin SATA zai ɗauke ta, ba ta da abin da ke juyawa, kuma bambancin gudu za ka gan shi tun daga kunnawa. Windows 7 ya san yadda ake kula da ita, XP ne bai sani ba. Ta fi sakewa a AHCI, kuma in Windows ɗinka a IDE aka zuba shi ana iya sauyawa ba tare da fomatin ba: a rajista (Registry), inda Windows ke ajiye saitinsa, ƙarƙashin HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\services\msahci, a mayar da Start zuwa 0, a kashe kwamfutar, sannan a sauya BIOS. In aljihu ya ce sai diski na hannu, kada ka biya sai an jona shi ka ga SMART da idonka. Layi na 09 yana nuna sa'o'in da ya yi a kunne, shekara ɗaya sa'a 8,760 ce, sai ka yi lissafi. Sabuwar takardar da ke jikinsa ba hujja ba ce.

Ka kuma tuna Microsoft ya daina ba Windows 7 kariya tun 14 ga Janairun 2020, ga shi shago irin naka filash ɗin kowa yana shiga cikinta. Samu ƙaramin UPS ko da na minti biyar ne, wanda zai ba ka damar kashe ta yadda ya kamata idan an ɗauke wuta ko za a juya zuwa janareta. Bayan an kwafe komai zuwa sabon diski, tsohon kada a goge shi. A sa shi a leda a ajiye a durowa na wata ɗaya ko biyu, har sai kowane ɗalibi ya zo ya karɓi aikinsa ka tabbatar fayil ɗinsa yana buɗuwa.